Farsil ya ƙi tsirowa: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Uwar gida, unguwar Zariya: Assalamu alaikum. Na shuka farsil, ganyen nan mai ƙamshi da ake sa wa a girki, cikin tsohon baho, yau kwana 12 ina ban ruwa safe da yamma, ko tsinke bai leƙo ba. Salatin da na shuka rana ɗaya da shi har ya yi kunne huɗu. In kife ƙasar ne?

Mai lambu, bakin Gulbin Maraɗi: Wa alaikumus salam. Hajiya, kar ki kife! Ni ma shekarar farko na kafce fangali guda, ina ta zargin mai iri, ashe ni ne na yi gaggawa. Farsil yakan kai sati 3, wani lokaci 4. Halin danginsu ne, karoti da seleri ma sai an yi haƙuri. Yanzu jiƙa irin nake yi ya kwana, in yafa shi sama-sama, in rufe da tsohon buhu mai laima har ya tsaga ƙasa. Kuma irin da ya shekara biyu a kanti, yawancinsa ya mutu.

Wani daga Jiratawa: Gaskiyar malam. Mu nan da sanyi muke noman anis, yajin yawo, shi ma ɗan gidan ne. In kina son gane su, ki jira fure: sanda ɗaya, kai ya baje kamar lema, ƙananan furanni cunkus.

Ɗaliba: Ni dashe ya cuce ni. Na ciro nawa da ya yi girma, saiwar ta tsinke, duk ya langaɓe. Saiwa ɗaya gare shi doguwa irin ta karoti, shi ya sa baho marar zurfi ba ya yi masa.

Inna, Tibiri: 'Yata, in ya fito kar ki tuge. Ki riƙa yankan ganyen waje, ki bar zuciyar, zai yi ta tohowa. Ni daka shi nake da tafarnuwa da attaruhu da ɗan gishiri, in tsaga kifi in cusa kafin suya. A miya kuwa sai tukunya ta kusa sauka, in ya daɗe a wuta ƙamshin ya tafi.

Uwar gida: Na gode, Inna, na gode malam. Na samo buhu na rufe, na ja bahon ƙarƙashin dogon yaro. Bahon kuwa zurfinsa bai kai taƙi ba, gobe zan sake yafa wani cikin bokiti.