Hilux ɗina ta maƙale a giyar 4H bayan mun dawo daga duwatsun Shere

Salamu alaikum. Ranar Asabar ƙungiyarmu ta masu manyan motoci ta fita duwatsun Shere, kusa da Jos. A wata gangara ƙasan motata, Hilux 2017, ya daki dutse da ƙarfi, na ji ƙaran har cikin kujera. Daga 4L (giyar da tayoyi huɗu ke ja a hankali da ƙarfi) ta koma 4H (tayoyi huɗu na ja da gudu) lafiya, amma 2H (tayoyin baya kaɗai ke ja) ta ƙi shiga sam. Fitilar 4WD, mai nuna tayoyi huɗu na ja, sai ƙyaftawa take yi, kuma a kan kwalta in na karya kwana sitiyari ya yi tauri, tayoyin gaba suna gurzar ƙasa.

Na ja da baya a miƙe kamar mita 20, na cire kan batir na mayar, na duba fiyus, duk lafiya. Makanikina ya canza man tiransfa (akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya), shi ma a banza. Yanzu ya ce ɗan injin lantarkin da ke sauya giyar ne ya mutu, in sayo sabo, alhali bai ko gwada shi ba. Ni kuwa da na kwanta a ƙasa na ga wayar da ke shiga cikinsa ta ƙuje.

Don Allah, ta yaya zan gane ko wayar ce ko injin kansa, kafin in kashe kuɗi?