Na koma manuwal a Gran Turismo 7, amma kwana tana kayar da ni

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Kusan wata takwas ke nan ina buga gem ɗin tseren mota na Gran Turismo 7 a PS4 ɗin yayana, da hannun gem, ba ni da sitiyari. Tun farko otomatik nake sawa. Satin da ya wuce na koma manuwal, saboda na lura motar takan canza mini giya ana tsakiyar kwana, sai in ji ƙarfinta ya mutu a daidai inda nake son ta ja.

To yanzu lokacina ma ƙara lalacewa ya yi. A titin tsere na Tsukuba, da Mazda Roadster, kusan daƙiƙa uku nake asara a kowane zagaye. A miƙaƙƙen titi sai in manta ban ƙara giya ba, inji yana ta kuka. Idan na zo matsattsiyar kwanar nan ta biyu kuwa, ina danna murabba'i, maɓallin rage giya, sau biyu sai bayan motar ya ƙwace, ta juya da ni. Idona yana kan lambar giya, ba ya kan titi. Abin ya dame ni ƙwarai, don da gaske nake son in iya. Ta ina zan fara?

Mai Golf:

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara goma sha ɗaya ina jan Golf tsakanin Kano da Zariya, da daddare kuma nakan taɓa gem ɗin nan da yarana. Abin da ke juya maka mota na san shi tun kafin in san gem.

Kana rage giya kafin birki ya gama aikinsa. Idan kana tafe da gudu a lamba huɗu ka jefa ta lamba biyu, dole inji ya yi juyin da ya fi ƙarfinsa, sai ya riƙe tayoyin da yake ja. Roadster da tayoyin baya take ja. Ga shi ka taka birki, nauyin mota duk ya koma gaba, baya ya yi sakayau. Tayar da ba nauyi a kanta, aka kuma riƙe ta farat ɗaya, ai dole ta zame.

Yi haka: birki tukuna, mota tana miƙe. Ka saurara har kukan inji ya sauko, sannan ka rage ɗaya. Ka sake saurarawa, ka rage ta biyu. Kada ka danna su a jere kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin ka karya sitiyari ka tabbata ka gama duk canjin da za ka yi, ka shiga kwanar da giyar da za ka fita da ita.

Lambar nan kuma ka daina kallonta. Ni a hanya ban taɓa duba allo don in canza giya ba, kunne ne ke gaya mini. Kashe kiɗan gem ɗin gaba ɗaya, ka bar ƙarar inji kawai.

Na Damagaram:

Yaya Mai Golf ya faɗi gaskiya a kan birki, amma a batun kunne ina da ɗan ja. Shi kunnensa ya shekara goma sha ɗaya yana karatu, na Ɗan Fagge kuwa sati ɗaya. A farko ba laifi ya saci kallon layin juyin inji, wanda yake walƙiya idan lokacin ƙarin giya ya yi. Da gefen ido, ba zuba ido ba. Akwai kuma ƙaramar lamba da ke fitowa kusa da lambar giya kafin kwana, ita ce giyar da gem ɗin yake ba ka shawara. Bi ta har ka haddace titin.

Kada ka canza mota ko titi. Tsukuba ta dace da koyo, kilomita biyu ce da 'yan kai, da Roadster kuma yawancin aikin tsakanin lamba biyu da huɗu yake. Shiga gwajin lokaci kai kaɗai, ba tsere ba, ka yi zagaye ashirin ba tare da ka damu da agogo ba.

Idan hannu ya faɗa, a nan za ka ga amfanin wahalar. Wajen fita daga kwana a jiƙaƙƙen titi, ko da mota mai ƙarfi, kana iya ƙara giya da wuri don kada taya ta yi ta juyi a banza. A dogon tsere wannan dabarar tana rage shan mai. Wasu motocin ma ƙarfinsu yakan faɗi kafin juyin inji ya kai jan layin da ke nuna iyakarsa, ka duba zanen ƙarfin inji a shafin saitin mota za ka gani. Otomatik ba ya yi maka ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da aka kawo wuta na yi zagaye talatin, ba kiɗa. Sau biyu kawai ta juya da ni, duka a farko. Saura rabin daƙiƙa in kamo lokacina na otomatik. Inda har yanzu nake rikicewa shi ne doguwar kwanar ƙarshe, ban san ko uku ko huɗu ba. Sannan wani abokina ya ce sai na sayi sitiyarin gem na Logitech G29 kafin in iya sosai. Haka ne?

Mai Golf:

Madalla. A'a, ba dole ba ne. G29 yana da maɓallan canji a bayan sitiyari da abin takawa uku, har da kulochi, amma sandar giya daban ake sayar da ita, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Lokacin canji da kake koya yanzu shi ne dai za ka kai can.

Kwanar ƙarshe kuwa, gwada kowacce zagaye biyar. Kada ka duba yadda ka shiga, duba gudun da kake da shi daidai layin gamawa. Wadda ta ba ka lamba mafi girma, riƙe ta. In da uku inji yana kaiwa ƙarshe tun kana cikin kwanar, to huɗu ce taka.