Hutun Hunturu da Aljihu Wayam: Musayar Waƙa

Ɗan Wunti, Bauchi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Disamba ta kama, hazo ya sauko, makarantu sun rufe. Ga 'yar ƙwar biyu, wato waƙa mai layi bibbiyu. Duk wanda ya ga amfanin hutun bana, ya ba ni amsa da waƙa.

Hunturu ya zo da hazo da ƙura,
Bai zo da abin kaiwa bakin salati ba.

Yara sun yi hutu, suna gida zaune,
Tukunya kuwa ba ta san an yi hutu ba.

Da can Disamba watan ganin gida ne,
Bana ko tasha ban leƙa tambaya ba.

Tun Mayun 2023 da aka janye tallafin mai,
Kuɗin mota bai sake saukowa ba.

Litar da ba ta kai naira 200 ba a da,
Ta haye 1,000 a 2024, ba mu manta ba.

An ce ƙaramin albashi ya koma 70,000,
Bai kai ni tsakiyar wata da cefane ba.

Tsohuwata na Bajoga tana zuba ido,
Ba zan je mata hannu rabbana ba.

To ku faɗa min, hutun nan na mene ne,
In ba ƙarin baki da ƙarin tunani ba?

'Yar Billiri, Gombe:

Sannu yayana. Ni Kirsimeti ce a gabana, kuma halinmu ɗaya. Ga tawa.

Yayana, kukanka ya iso Gombe,
Namu aljihun ma iska ke kaɗawa.

Bana babu anko, babu zuwa gun tela,
Na bara muka wanke, shi muke gogewa.

Kajin da muke yankawa da can a jere,
Sun koma ɗaya, ita ce abin rabawa.

Amma wanda muke wa bikin haihuwa,
A komin dabbobi ya sami wurin kwantawa.

Masauki ya cika a Baitalami ran nan,
Makiyaya ne suka fara zuwa dubawa.

Bikin da ya faro cikin rashi irin wannan,
Tsadar shinkafa ba ta hana shi zuwa.

Ran 25 kwanon farko na maƙwabciya ne,
Ita ma da layya ba ta taɓa mantawa.

Maigidanta ne ma ke yanka mana kazar,
Don a ci gaba ɗaya, babu mai janyewa.

Baba Manomi, Dass:

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Ni idona ba ya ganin rubutun waya, jikana ke rubutawa ina faɗa masa.

Ɗana, hutun nan ya girmi makarantar boko,
Hutun fartanya ne wurinmu, bayan kaka.

Mun yanke dawa, mun ɗaure dami, mun kai rumbu,
Abin da ya rage sai sussuka da shiƙa da daka.

Taki ya yi tsada, rumbun bai cika ba bana,
Amma ɗaya cikin goma na fitar kafin in ɗauka.

Jikoki sun zo daga birni, waya a hannu,
Caji ya ƙare, sai ga su gindin wuta a bukka.

Na ce "ga ta nan ga ta nanku", duk suka yi tsit,
"Ta zo mu ji ta" sai da na koya, kamar in yi kuka.

Yau sun san Gizo, sun san sunan kakan kakansu,
Sun san iyakar gonarmu, daga tsamiya zuwa kuka.

In babu kuɗin mota, kira tsohuwa a waya,
Tara mata yaran su gaishe ta, ta sa musu albarka.

Uwar Marayu, Kumo:

Baba, Allah ya ƙara girma, ya ja da kwana. Ban ƙi taka ba ko kaɗan. Amma akwai mutanen da ba a ambata ba tun da aka fara, kuma su ne suka hana ni yin shiru.

Baba na durƙusa, maganarka gaskiya ce,
Amma tatsuniya ba ta zama abinci.

Mai rumbu ke jin daɗin gindin wuta,
Mai awo a gari kwanansa cikin ƙunci.

Ku tuna Disambar 2024 a Ibadan,
Yara 35 turmutsutsu ya ci.

Kwana kaɗan sai Okija da Abuja,
Layin shinkafar biki ya ƙare da takaici.

Ga Bauchi maƙwabta, a azumin shekarar,
Mata sun rasu gun karɓar zakka don talauci.

Ba kwaɗayi ya fito da su tun asuba ba,
Yunwar ɗa ba ta barin uwa ta yi barci.

In za ka bayar, bi dare ka ƙwanƙwasa ƙofa,
Kar ka jera mu a rana, ga hoto ga cin mutunci.

Ga almajiri a zaure da riga shara-shara,
Jaura na dukansa, ba bargo ba makwanci.

In ana neman ma'anar hutu, wurinsa take,
Rigar da ta matse ɗanka, kai masa ita ce zumunci.

Masu mulki kuma kar su ji shiru su miƙe ƙafa,
Haƙurin talaka ba ya wanke rashin adalci.

Ɗan Wunti:

Yaya, kin sosa min inda ke ƙaiƙayi. Baba, na gode.

Baba na ji, zan kira tsohuwa daren nan,
Ko da muryarta ba za ta maye ganinta ba.

Amma ina nan kan bakata game da tsada,
Ba zan kira wuya da sunan daɗi ba.

Akwai rigunan sanyi da suka yi wa yara kaɗan,
Ban san ta yadda zan aiko su Kumo ba.

Uwar Marayu:

Ƙanena, ba sai sun sha hanya zuwa Kumo ba,
Tsangayar unguwarku ta fi ni kusanci.

Direban Tasha, hanyar Bauchi zuwa Gombe:

Tun ɗazu nake karantawa ina jiran lodi. An ambaci kuɗin mota, to bari mai sitiyari ma ya sa baki.

Kowa ya shigo tasha mu yake harara,
Kamar mu muka yanka wa lita farashinta.

Kuɗin lodi daga Bauchi har Gombe,
Gidan mai ke fara cin nasa kafin mai mota.

Ga taya, ga kamasho, ga hazo a Alkaleri,
Da rana tsaka ba ka gani sai ka kunna wuta.

Da can a Disamba kujera ke wuyar samu,
Bana sai ƙunshi: "Kai wa Inna, ka gaishe ta."

Ɗan Wunti, ɗaure abin da ya samu, ko sabulu ne,
Ko mudun sukari da man shafawa don ƙafarta.

Ran Asabar bayan sallar asuba nake lodi,
Ba zan karɓi ko sisi ba, rubuto min unguwarta.

A Gombe zan danƙa wa direban Bajoga,
Kafin la'asar, in sha Allah, yana hannunta.