Shawarwarin masana gari ga mai yawon buɗe ido a Bangkok, babban birnin Thailand

Bakinsu ya zo ɗaya a kan sammako: ana buɗe Fadar Sarki ƙarfe 8:30 na safe, kafin rana ta take. A sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa, in ba haka ba a ƙofa za a tsaya. Duk direban keke mai ƙafa uku da ya ce "yau an rufe fada", yawanci ƙarya yake, shagon duwatsun ado zai kai ka don a ba shi lada.

Daga nan a taka zuwa wurin ibada na Wat Pho, inda gunkin Buddha mai tsawon mita 46 yake kishingiɗe, a haye kogin Chao Phraya da jirgin fito zuwa wurin ibada na Wat Arun. Kasuwar Chatuchak kuwa sai Asabar da Lahadi. Abincin halal yana nan kewayen Masallacin Haruna a unguwar Bang Rak.