Tambaya: wai me ya sa kifi mai kilo 11 bai karya tarihin mai kilo 10 ba?

Ɗan Kainji:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu bin harkar fatsa su warware min wannan. Akwai wani kifi na Amurka da suke kira largemouth bass, mai ƙaton baki, wai mafi girma da aka taɓa kamawa a tarihi kilo 10 ne da ɗoriya, tun 1932. To amma na ga bidiyon wani a Kalifoniya riƙe da wadda ta haura kilo 11, ga sikeli ana nunawa, kuma har yau ba sunansa a littafin tarihin. Son kai ne ko me? Kuma ni abin da ya fi ba ni dariya, duk wannan ce-ce-ku-ce a kan kilo 10 ne fa, abin da a wurin giwan ruwa ba wani girma ba ne.

Baban Hanifa:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Wadda ka gani ita ce Dottie, har suna gare ta, saboda wani ɗigo baƙi da ke ƙasan kumatunta, da shi ake gane ta. A tabkin Dixon take kusa da garin Escondido, ƙaramin tabki ne amma ana zuba masa kifin trout, su kuma bass ɗin suna haɗiye su suna ƙiba. Jed Dickerson ya kama ta a 2003 tana laba 21 da oza 11 a ma'aunin Amurka, wajen kilo 9.8, ya sake ta. Ranar 20 ga Maris 2006 abokinsa Mac Weakley ya sake ciro ta, sikeli ya nuna laba 25 da oza 1, wajen kilo 11.4 kenan.

Matsalar ita ce ƙugiyar ba a baki ta kama ta ba, a gefen jiki ta soke ta, kuma akwai mutane tsaye suna kallo. Lokacin ƙwai ne, kifin na kwance kan sheƙarta a ruwa garai-garai kana ganinta da idonka, sai ka yi ta jefa mata koto har ta fusata ta cafka, to shi da ya ji motsi ya fizge sai ƙugiya ta shige ta gefe. A dokar Kalifoniya kifin da aka soka haka dole a mayar da shi ruwa. Ga shi sikelin hannu suka yi amfani da shi ba wanda hukuma ta tantance ba, ba su kuma auna tsawo da kauri ba. Weakley da kansa ya ce ya haƙura ba zai kai wa IGFA ba, wato ƙungiyar da ke ajiye tarihin kifin fatsa a Florida. Saboda haka ba hana shi aka yi ba, bai ma nema ba. A 2008 aka tsince ta ta mutu tana yawo a saman ruwa.

Mai Shakka:
Baban Hanifa duk na ji, amma tsakani da Allah a gaya min wace hujja George Perry, mai tarihin kilo 10 ɗin, ya kawo a 1932 da ta fi ta wannan bawan Allah? Saurayi manomi a jihar Jojiya lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, ya fita tabkin Montgomery neman abin miya ranar 2 ga Yuni, ya kama kifi, aka ɗora a sikelin gidan waya na garin Helena aka ce laba 22 da oza 4, ya aika wa gasar mujallar Field & Stream ya ci kayan dala 75, sannan ya kai kifin gida aka soya aka cinye. Shi kenan fa. Ba ƙashi, ba fata, hoto ma sai bayan shekaru sama da 70 wani ya ɓullo ana cewa wai shi ne. IGFA ɗin ma ba a kafa ta ba sai 1939, tarihin kifin ruwan daɗi kuwa gadonsa ta yi daga waccan mujallar a 1978. Da yau mutum zai zo da irin wannan labarin wallahi ko ƙofar ofis ba za a bari ya shiga ba. Ni ban ce ƙarya ya yi ba, amma an sa wa na baya ma'aunin da na farko bai hau ba.

Baban Hanifa:
Mai Shakka ka yi gaskiya rabi. Amma ka duba, Perry me zai samu da zai yi ƙarya? Bai ma san wani tarihi ya kafa ba, kyautar gasa kawai yake hari. Yanzu kuwa kowa ya san duk wanda ya karya wannan tarihin kamfanonin koto da sandar fatsa za su yi masa ruwan kuɗi, in kuɗi ya shigo dole a tsananta. Ka tuna abin da ya faru a tabkin Erie a 2022, a gasar wani kifin daban, aka farke cikin kifayen wasu mutum biyu a gaban jama'a sai ga dalma tana zubowa, har gidan yari suka je. Wannan tsanantawar ce ta sa wanda ya kama mai laba 24 a tabkin Spring Lake na Kalifoniya a 1997, Paul Duclos, da ya auna a sikelin banɗaki, irin wanda mutum ke hawa ya ga nauyinsa, ya kuma saki kifin, ba wanda ya saurare shi.

Hajiya Turai:
Ku kun manta da ɗan Japan ɗin, ni shi ne ma ya fi ba ni tausayi. Manabu Kurita, 2 ga Yuli 2009, a tabkin Biwa. Nasa kilo 10.12, na Perry in ka juya kilo 10.09, wato ya fi shi ƙarara. Sikeli tantacce, ga hotuna ga bidiyo ga kifin kansa. Amma dokar IGFA ta ce kifin da bai kai laba 25 ba sai ka zarce tsohon tarihi da oza 2, kusan giram 57, shi kuma giram 30 ya ɗara, sai aka ce kunnen doki ne. Kafin nan kuma jita-jita ta cika intanet wai a wurin da aka hana ya tsaya da jirginsa kusa da gada, wata shida ana bincike, har na'urar gano ƙarya aka jona masa ya tsallake, sai Janairun 2010 aka amince. Wasu Amurkawan kawai zafin a ce kifinsu na gado wani a Japan ya kamo shi ne ke cinsu, in ba haka ba me ya kawo wannan dogon tone-tone. Abin dariyar kuma a can Japan kifin nan baƙo ne mai ɓarna, yana cinye kifayensu na asali, a Biwa doka ma ta hana ka mayar da shi ruwa in ka kama.

Jikan Sarkin Ruwa:
Ɗan Kainji kar ka raina kilo 10, kowane kifi da iyakar girmansa, yawancin bass da ake kamawa kilo ɗaya zuwa biyu ne. Kuma rigimar sikeli ba ta Turawa kaɗai ba ce. A bikin Argungu na 2008 wanda ya zo na ɗaya da kifi mai wajen kilo 66 daga baya karɓe kyautar aka yi, aka ce ba a kogin Matan Fada ya kama shi ranar ba, matacce aka shigo da shi. Masunta na kallon kifi suke gane wanda ya kwana.

Ɗan Kainji:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Hajiya batun kunnen dokin nan dai bai kwanta min ba har yanzu, sikelin gidan waya na 1932 a ƙauye wa ya ce ba ya kuskuren giram 30? Baban Hanifa tambaya ɗaya ta rage, da a ce Weakley ya kai takardunsa, IGFA za ta karɓa ko kuwa?

Baban Hanifa:
Nan ne ake ta musu har gobe. Dokarsu cewa ta yi wanda ya soki kifi da gangan ne ba a karɓa, shi kuma ya ce ba da gangan ba ne. Amma suna kuma duba dokar jihar da aka yi kamun, ga batun sikelin, ga kifin an sake ta. Ni a ganina da ƙyar ya sha.