Fitsarin yaro yana yin baƙi idan ya jima, ina za mu kai shi?

Baban Abba: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗan ƙanwata ne a ƙauyenmu ta wajen Ringim, shekararsa 2. Idan ya yi fitsari a zane aka bar shi ya kwana, sai wurin ya yi baƙi ƙirin, wanki ma ba ya fitar da shi. Yaron kuwa lafiyarsa ƙalau, yana ci yana wasa.

Kawu Manomi: Wa alaikumus salam. A fara duba tsargiya, ita ce ke addabar yaranmu na bakin fadama.

Anti Nas: Kawu, tsargiya jini ne ja, a ƙarshen fitsari ake ganinsa nan take. Wanda sai ya sha iska yake baƙi ya fi kama da alkabtonuriya. Ciwon gado ne, ba a cika samunsa ba. Jiki ke kasa narkar da wani sinadari, homojentisik, da ke fitowa daga abinci mai gina jiki. Wani ya fita ta fitsari, sauran ya riƙa taruwa a guringuntsi har ya yi baƙi ya bushe. Sai yaro ya gaji ƙwayar halittar da ke jawo ciwon daga uwa da uba duka. Tun 1902 wani likitan Ingila, Archibald Garrod, ya lura da yawa iyayen masu ciwon 'yan'uwa ne.

Baban Abba: Ikon Allah! Auren zumunci ne kuwa. Kuma baffan yaron tun yana da shekara 30 da ɗoriya baya ya riƙe masa, da ƙyar yake ruku'u.

Anti Nas: To Yaya, ku dubi kunnen baffan. In guringuntsin ya yi tauri da duhu, ko akwai ɗigon baƙi a farin idonsa, shi ma a gwada shi. Yaron a kai shi Asibitin Malam Aminu Kano, a nemi gwajin sinadarin a fitsari. Baffan kuma Asibitin Ƙashi na Dala, a duba masa har ƙoda da zuciya, don ciwon yana kawo tsakuwar ƙoda.

Malam Ladan: Akwai maganinsa?

Anti Nas: Akwai nitisinon, a Turai an amince a ba manya tun 2020. Yana rage taruwar sinadarin, amma sai da kulawar likita, don yana iya taɓa ido. Don Allah kada a hana yaron wake da nama haka kawai, girma yake yi. Baffan dai ya sauƙaƙa ɗaukar buhu.

Kawu Manomi: Ku tafi da zanen a leda, likita ya gani da idonsa. Allah ya ba su lafiya.