Ya zan yi ranar bazde da ranakun biki su zauna a ran yarana?

Maman_Uku:

Assalamu alaikum iyayen yara, dan Allah shawara nake nema. Yarana uku ne, babbar shekararta 5, mai bi mata zai cika 3 wata mai kamawa, sai jaririya da ke goye. Bara na yi wa babbar fatin bazde, kwana biyu na yi ina shiri, na gayyaci yara sun fi ashirin, aka cika falo da balan-balan aka kunna kiɗa, amma wallahi ko awa ɗaya ba a yi ba yarinyar nan ta fara kuka ta maƙale min a jiki, lokacin yanka kek ma tana ɗaki ta yi barci da takalmi ɗaya a ƙafarta. Ni kuma ina can ina ta hidimar baƙi, sai da daddare na zauna duba hotuna na ga babu ko guda ɗaya da nake zaune da ita. Abin nan ya tsaya min a rai har yau. Kwanaki na tambaye ta me take tunawa a ranar, sai ta ce wai da safe da na tashe ta ina mata waƙa ina ɗaure mata ribon. Shi ke nan fa abin da ta riƙe.

Mu mun taso babu ruwan kowa da ranar haihuwar wani, ranakun biki ma a ci a sha a watse ne, babu wani abu da zan ce wannan na gidanmu ne mu kaɗai. Ni kuma ina so nawa su girma da abin da in sun tuna za su ce a gidanmu haka Mama take mana. To me kuke yi wa naku? Kuma shi ɗan shekara 3 ɗin ma zai tuna ne ko wahalar banza zan yi?

Hajiya_Kaka:

Wa alaikumus salam 'yata. Ai yarinyar ta riga ta ba ki amsa da bakinta, ribon da waƙa, ki riƙe wannan kar ki sake shi, duk shekara ki tashe ta da wannan waƙar dai kar ki canza ko kalma ɗaya.

Ni na raini shida, yanzu jikoki nake raino, kuma abu biyu kawai na yi musu tun suna ƙanana. Na farko labarin haihuwa. Daren da yaro zai cika shekara, bayan an kashe fitila sai na zauna bakin gadonsa na ba shi labarin ranar da ya zo duniya, ƙarfe nawa naƙuda ta fara, wa ya raka ni, ana ruwa ne ko ana zafi, wa ya fara ɗaukarsa, me babansu ya ce da ya gan shi. Ɗana na uku da asuba aka haife shi ana iska mai ƙarfi har ƙofa na bugawa, to in na zo wajen nan sai na buga gefen gado da tafin hannu sau uku. Wata shekara na gaji na tsallake bugun, yaron nan ya tashi zaune ya ce Mama ba ki buga ba, sai da na koma farko. Yanzu da gemunsa da 'ya'yansa, amma duk ranar sai ya kira ni a waya ya ce Hajiya ƙofa ta buga?

Na biyu awon tsayi. Akwai wani katako dogo da na ajiye, da safe mai ranar zai tsaya ya jingina ba takalmi, a ɗora masa littafi a ka a ja layi da biro a rubuta shekara. Shawarata ki yi a katako kar ki yi a bango, don mu sau biyu muka tashi daga gida kuma katakon yana tare da mu. Allah ya raya miki su.

Malama_Nazire:

Maman Uku sannu, abin da ya faru da 'yarki ba laifinki ba ne, na shekara da shekaru ina koyar da 'yan aji ƙanana kuma kullum haka muke gani. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 hayaniya da baƙin fuskoki da kiɗa suna masa yawa a lokaci ɗaya, in kuma aka haɗa da tsallake barcin rana to kuka ya zama dole. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce 'yan shekara 3 zuwa 4 suna buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a rana, 'yan shekara 1 zuwa 2 kuma awa 11 zuwa 14, har da na rana a ciki. Mu kuma ranar biki ce ranar da muke fi rikita musu lokacin barci da na cin abinci, sai mu dawo muna cewa yaron ya cika rigima. In za ki tara yara ki tara bayan ya tashi daga barci, awa ɗaya da rabi ya isa, kuma iyaye da yawa suna bin dabarar nan ta gayyatar yara daidai yawan shekarunsa, ɗan shekara 3 abokai uku, ni na ga tana aiki sosai.

Maganar ko zai tuna, gaskiya ita ce mafi yawan manya ba sa iya tuno abin da ya faru kafin su kai shekara 3 zuwa 3 da rabi, saboda sashen ƙwaƙwalwa mai adana irin wannan tunanin bai gama nuna ba a lokacin. Akwai wata mai bincike Patricia Bauer a jami'ar Emory ta Amurka, sun naɗi hirar yara 'yan shekara 3 da iyayensu mata a kan abubuwan da suka faru da su, daga baya suka dawo suka tambaye su. Waɗanda aka tambaya suna da shekara 5 zuwa 7 sun tuna sama da kashi 60, waɗanda suka kai 8 da 9 kuma kusan kashi 35 kawai suka iya tunowa. To kin ga fati guda ɗaya komai girmansa zai iya gogewa. Amma abin da ake maimaitawa duk shekara kuma ake hirarsa ba ya gogewa haka, don duk lokacin da kika zauna da shi kina tambayarsa wa ya zo, me ka sa, me ya ba ka dariya, kina ƙara ɗaure masa abin ne a kai. Shi ya sa abin da Hajiya ta faɗa ya burge ni. A wannan jami'ar dai Marshall Duke da Robyn Fivush sun tsara tambayoyi 20 da suke yi wa yara a kan tarihin gidansu, irin su ka san inda kakanninka suka taso, ka san yadda iyayenka suka haɗu, ka san abin da ya faru lokacin da ake haihuwarka, kuma suka samu yaran da suka fi sanin amsoshin sun fi yarda da kansu da juriya in abu ya same su.

Ɗan jan kunne ɗaya dan Allah tunda kina da mai shekara 3 da jaririya, ki kula da balan-balan. Wanda ba a hura ba ko ɓallen wanda ya fashe in yaro ya sa a baki yana iya toshe masa maƙogwaro, a Amurka ma dole ne a rubuta gargaɗi a jikin leda saboda yara 'yan ƙasa da shekara 8. Da ya fashe a tsince a zubar nan take.

Baban_Yara:

Ku yi haƙuri na shigo maganar mata, amma mu ma iyaye maza abin ya shafe mu, don sau da yawa mu kuɗi kawai muke miƙawa mu fice, yaro kuma ya taso duk abin daɗin da yake tunawa babu babansa a ciki. Ni abin da nake yi, ranar da ɗana ko 'yata ta cika shekara to rabin yinin nan nata ne ita kaɗai, ba ƙanne ba yayye, waya ma a aljihu take a kashe. Ita za ta zaɓi inda za mu je, kuma za ku yi mamakin abin da suke zaɓa. Ƙaramin nawa da ya cika 4 cewa ya yi mu je mu kalli motar da ke haƙa rami a inda ake gini, muka tsaya kusan awa guda yana kan kafaɗata yana riƙe da kunnuwana, duk sanda bokitin motar ya juye ƙasa sai ya yi ihu ya buga min ƙafa a ƙirji. Da direban ya lura da mu ya ɗaga masa hannu, to wannan ɗaga hannun shi ya yi ta ba wa kowa labari har wata ya ƙare.

Sannan da daddare ina rubuta masa wasiƙa shafi ɗaya, abin da ya koya a shekarar, kalmar da yake faɗa a karkace, abin da yake tsoro, sunan abokinsa, na sa a ambulan na rufe na rubuta shekara a baya. Niyyata in sun kai 18 na miƙa wa kowa nasa. Na babbar 'yata sun kai tara yanzu.

Inda na ɗan saɓa da wasu shi ne batun kyauta, ni ban ga laifin saya wa yaro abin wasa ba, yawan ne matsala. An yi wani gwaji a jami'ar Toledo aka wallafa a 2018, yara 36 da ba su kai shekara 3 ba, wani lokaci a ba su kayan wasa 4 wani lokaci 16, sai aka ga da 4 ɗin sun fi daɗewa a kan kowanne kuma sun fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Don haka in dangi sun kawo da yawa, a buɗe biyu a ɓoye sauran a riƙa fitowa da su ɗaya bayan ɗaya.

Ummu_Auta:

Mu dai a gidanmu ba ma yin bazde, ra'ayinmu ne ni da maigidan, amma ranakun biki na shekara kam muna ba su haƙƙinsu, kuma abin da na lura yara jiran ranar ya fi musu ranar kanta daɗi. Ƙaramin yaro bai san me ake nufi da sati mai zuwa ba, in kika ce masa saura kwana bakwai bayan minti biyar zai dawo ya ce ya yi? Sai muke yanka takarda mu yi zobba bakwai mu sarƙa su kamar sarƙa mu rataye, kullum kafin barci a cire ɗaya, da idonsa yake ganin tana gajercewa. Muna da kwali guda kuma da ba a buɗe shi sai daren biki, a ciki akwai kayan adon da suka yi da hannunsu tun shekarun baya, wasu duk sun yamutse amma su ake fara ratayewa, kowa na nuna nasa yana cewa wannan ni na yi ina ƙarami. Kuma kowane yaro da aikinsa da ba mai taɓa masa, babba shi ke shimfiɗa, ta tsakiya ita ke jera kofuna, auta shi ke kai wa maƙwabta abin da muka tanadar musu ana riƙe da hannunsa. Ki zaɓi abin da ko shekarar da babu kuɗi ko ba ki da lafiya za ki iya yi, don in kika fara abu mai nauyi kika kasa shekara ta biyu su fa ba sa mantawa, za su tambaya.

Maman_Uku:

Kai Allah ya saka muku da alheri, wallahi ina karanta na Hajiya sai da na yi hawaye, don ni ban taɓa tambayar mahaifiyata yadda aka haife ni ba kuma tana raye, yau ɗin nan zan kira ta. Na yanke shawara wannan karon abokansa uku kawai zan kira bayan ya tashi barcin rana, katakon ma na sa babansu ya nemo, na kuma tura masa abin da Baban Yara ya rubuta ya ce ya ji ya gani. Saura abu ɗaya Malama, babbar tana da kishi sosai, tun yanzu ta fara cewa ita ma ranar bazdenta ne, shin in saya mata kyauta ita ma ko ya zan yi?

Malama_Nazire:

A'a Maman Uku kar ki saya mata, in kika fara haka kowace shekara sai kin yi, kuma shi ƙanen ba zai taɓa jin ranar tasa ce ba. Ki ba ta matsayi a ciki. Ki kira ta gefe ki ce sirri ne tsakaninku, ita za ta taya ki naɗe kyautarsa ta zana masa kati, da safe kuma ita za ta fara shiga ta tashe shi da waƙar nan da kike mata, ita ce ma za ta ɗora masa littafin a ka lokacin awo. Ki nuna mata watanta a kalanda ku zagaye shi da jan biro tare. Za ta iya yin ɗan kuka duk da haka lokacin buɗe kyauta, ki ɗauke ta ki ce na san kina so ke ma, taki ranar tana nan zuwa, kar ki yi mata faɗa a gaban mutane. Sannan ki miƙa wa wani wayar ya ɗauke ku hoto kina zaune a ƙasa da su ukun.

Hajiya_Kaka:

In kin kira mahaifiyar taki ki sa takarda da biro kusa 'yata, ki tambaye ta har da wa ya fara yi miki wanka da kayan da aka fara sa miki. Ki dawo ki faɗa mana yadda kuka yi.